Ruwan da Na Ɗebo wa Tavi

Ƙanena ya mutu a ƙarshen watan Nuwamba na shekarar da gwamnati ta faɗi. Ya bar mini littattafai cike da ɗaki, da takalma ƙafa biyu da ba su yi wa kowa daidai ba, da aikin ɗiban ruwa na kwana arba'in.

A duniya Farfesa Octav Parvulete ake ce masa. An ce har a jami'o'in ƙasashen waje ana karanta shi, manyan mutane masu gemu suna ta jayayya a kan abin da yake nufi. Ni dai Tavi na sani, wanda na yi wa wanka yana tsala ihu, wanda har ya tsufa bai iya hura wuta a murhu ba. Ya tafi babban birni yana saurayi ya karanta falsafa, ya shiga jam'iyya da zuciya ɗaya, don ya yarda za a raba wa talaka ƙasa da mutunci. Da ya ga abin da aka raba, sai ya rubuta littafi a kan tsoro. Aka kore shi daga jami'a, aka ɗaure shi. Ya fito ba haƙoran gaba, ya sake rubuta wani. Da hukuma ta ce za ta rushe ƙauyuka ta tara manoma a benaye, ya aika da magana gidan rediyon ƙasar waje. Sun gaji da ɗaure shi, kuma sunansa ya yi girman da ba a kashe mai shi a ɓoye, sai suka ɗauko shi suka sauke a gidana, a ƙauyen da aka haife mu, suka ajiye mota baƙa a bakin ƙofa da mutum biyu a ciki. Ko coci ba a yarda ya je ba, ko da yake wannan bai dame shi ba.

Maganarsa duka, in ka tace ta, guda ɗaya ce. Mai mulki mutum ne, hannu biyu gare shi kamar kowa, ba zai iya rufe bakin ƙasa guda shi kaɗai ba. Mu ne muke ara masa hannuwanmu. Wannan ya maimaita shekara da shekaru, cikin littattafai masu kaurin bulo. Kuma ba ya ba mutum amsa. In ka tambaye shi ko za a yi ruwa, sai ya tambaye ka me ka sani game da girgije.

Duk lokacin da Tavi ya yi wani sabon tunani, ni ke shan dukan. Saboda shi aka cire ni daga gidan waya. Saboda shi mijina ya sauka daga shugaban tasha ya koma mai gadin rumbu, har ya mutu bai daina jin kunyar abin ba. Ɗana ya ci jarrabawa aka ce babu gurbi. Ban taɓa ce wa Tavi ya daina ba, amma ban taɓa ce masa ya kyauta ba. Na gaji ne kawai, tun da daɗewa.

Ana saura 'yan kwanaki ya cika, na shigo masa da tuwon masara da madara da rana, na same shi ya jingina da filo yana leƙen tsakar gida.

"Dada," in ji shi, haka yake kirana tunda ni ce babba, "na ga kin fito da sandar ɗaukar ruwa ta Mama kin goge. Ba sai kin ɓoye ba."

"Ci abincinka."

"Me matacce zai yi da ruwa? Maƙogwaron da zai sha da shi yana cikin ƙasa."

"Me rayayye ya yi da littattafanka? Ni dai ƙafar tebur na ga sun tokare."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da na bubbuga masa baya.

"To ki ɗebo," ya ce. "Amma ki riƙa lura da wace ƙofa ce ta buɗe. Zai fi duk binciken da na yi."

"Ba bincike zan yi maka ba, kafirin banza. Ƙishirwa nake tsare maka."

A wajenmu in mutum ya mutu, ruwa ake ɗebo masa kullum har kwana arba'in, a kai gidajen maƙwabta sadaka, don kada ƙishirwa ta dame shi a kan hanya. Wanda aka kai wa sai ya karɓa ya ce bogdaproste, wato Allah ya kai wa mamacinki. In ba a faɗi kalmar nan ba, ruwan bai isa inda aka aika shi ba, wahalar banza aka yi. A ka'ida yarinya ake sawa, a ba ta sabon ɗankwali da sabon bokiti. Na sayi ɗankwalin, na sayi bokitin. Babu uwar da ta ba ni 'yarta. Sai na ɗaura ɗankwalin a kaina, ni mai shekara saba'in da ɗoriya, na saɓa sanda a kafaɗa, bokiti gaba da baya.

Mun binne shi ni da limamin cocinmu, Fada Gherasim, da masu haƙa, da mutanen motar nan a tsaye can gefe cikin rigunan fata. Fada ya yi addu'ar da gaggawa kamar wanda ya bar madara a kan wuta. Washegari na fara.

Gidan Gherghina na soma zuwa, don ni na riƙe 'yarta ranar baftisma, akwai abin da ke tsakaninmu. Na buga ƙofa, kare ya yi haushi, labule ya motsa. Can ta zo ta tsaya ta ciki, tana magana ta tsakanin katako.

"Dada Veta, ki yi wa Allah ki wuce."

"Ruwa ne fa, Gherghina. Ba takarda na kawo ki sa hannu ba."

"Randarmu cike take."

"Cike da me? Jiya ina kallonki kina narka ƙanƙara a tukunya."

"Ɗana yana aikin jirgin ƙasa, Dada. Jikoki uku. Ga mutanen motar can suna kallonmu."

Suna kallonmu kuwa. Motar tana bina a hankali, kamar saniyar da ta saba da mai ba ta dusa. Na juye ruwan a bakin ƙofarta na yi gaba. Haka gida na biyu, haka na uku. Wasu su ce ba kowa a gida, da bakinsu. Wasu su saki kare. Mai shagon ƙauye da ya hango ni sai ya tuna yana da aiki a bayan kanti.

Sanyi ya kankama, dusar ƙanƙara ta rufe hanya. Kullum sai na fasa ƙanƙarar bakin rijiya da gatari kafin in zura guga. Sandar ta ci mini kafaɗa har ta yi ƙurji, ƙurjin ya fashe ya manne da riga. Ruwan da nake juyewa a ƙofofi ya daskare, kowane gida bakinsa ya koma santsi. Gherghina ta zame da kwandon ƙwai, ta zauna daɓas tana tsine mini da ni da Tavi da falsafa. Ban ji daɗi ba, amma ban ji tausayinta ba.

Ɗaya daga cikin mutanen motar ya kan sauke gilashi in na zo wucewa.

"Tsohuwa, har yanzu Farfesa bai ƙoshi ba?"

"Ko za ka karɓa masa, kwamared? Kalma ɗaya ce."

"A'a, na sha shayi."

Abin da yake ci mini rai ba sanyin ba ne. Ni na yarda Tavi yana can a hanya da busasshen baki, shi da bai iya kula da kansa ba ko yana raye. Kowace safiya na tashi da tunanin nan, in kwanta da shi. Mutum ɗaya nake nema ya karɓa don ransa ya so. Guda ɗaya tak.

Gida ɗaya ne ban taɓa tsayawa ba, gidan Nea Ilarie, wato dattijo Ilarie, na ƙarshe kafin gangaren kogi. In na zo daidai nan sai in sauya sanda zuwa ɗaya kafaɗar in juya.

Ilarie yana da 'ya, Sabina, malamar lissafi a makarantar ƙauye, mace mai kaifin kai da ta ƙi zama a birni don kada ta bar ubanta shi kaɗai. Ta riƙa zuwa gidana da ƙwai a kwando, wai sayarwa take, ta zauna a kicin ita da Tavi suna musu har miya ta ƙone. Ita kaɗai na taɓa gani ta ƙure shi da tambaya, ya yi shiru yana sosa ƙeya, kuma yana jin daɗin abin. Da maganar rushe ƙauye ta taso, ita aka ɗora wa bin gida gida ta karɓo sa hannun mutane cewa sun yarda. Ta zo ta sami Tavi, ina tsaye ina yanka albasa.

"Farfesa, in na ƙi, me zai same ni?"

"Da hannun wa za ki riƙe alƙalamin?" Abin da ya ce mata ke nan.

Ta ƙi. A gaban taro ta ƙi, ta kuma faɗi dalili. Aka kore ta daga aiki, aka riƙa kiranta gari ana tsare ta ana saki, ta dawo ba ta iya kallon mutum a ido. Da rani ya zo ta shiga kogin Danube da tayar tarakta, za ta haye ƙasar da ke can gaɓar. Ba ta isa ba. Masunta sun san abin da suka gani, amma hukuma ta ce maciya amana ce, tana can waje tana cin daɗi, saboda haka babu gawa, babu jana'iza, babu zaman makoki. Tavi sunansa yana kare shi, in ya yi tari sai an faɗa a rediyon waje. Sabina ba wanda ya san da ita bayan gadar ƙauyenmu. Tavi bai sake ambaton sunanta ba. An hana shi fita, don haka bai je ya ga Ilarie ba, kuma ina zargin ranar ce kaɗai ya gode wa motar nan.

Ana gab da Kirsimeti, ina dawowa daga rijiya da tsakar rana, sai na ji ƙararrawar coci tana bugawa ba lokacinta ba. Mutane suna fitowa da gudu ba hula, rediyo a hannu. Wai an yi bore a babban birni, gwamnati ta faɗi. Na isa gida na tarar babu motar. Sai shatin taya da tarin guntayen sigari.

Na shiga na zauna, ban ko cire takalmi ba. Na so in yi murna. Na nemi murnar a jikina ban samu inda take ba.

Washegari kafin in kai ƙofar Gherghina ta riga ta buɗe, ta fito da tulu tana sheƙa gudu a kan santsin nan.

"Dada Veta! Zuba nan, zuba! Bogdaproste! Allah ya jiƙan Farfesa, ai ɗan'uwanmu ne. Kullum sai na ce wa maigida, mutumin nan gaskiya yake faɗa."

"Randar taku ta yi sauƙi ke nan?"

"Kai, Dada, ke dai ba kya mantuwa."

Kafin mako ya zagayo, layi ake yi mini. Samari suna rige-rigen ɗauke mini sanda. Uwayen da suka hana ni 'ya'yansu suka turo su da kitso da sababbin riguna. Mutanen birni suka zo da na'urar ɗaukar hoto, suka sa ni in koma rijiya in sake tahowa, wai hasken bai yi ba. Wani mai tabarau ya cika kwalba zai kai jami'a. Sakataren jam'iyya na ƙauyenmu, wanda ya karanta takardar korar Sabina da bakinsa, yanzu shi ne shugaban kwamitin 'yanci, ya ɗaura ƙyalle a dantse. Ya karɓi ruwa da hannu biyu, ya juya wajen mai hoto ya ce bogdaproste da ƙarfi har sau biyu, ya kuma sanar cewa za a sa wa titinmu sunan Farfesa.

Na ji kalmar nan har ta fita daga kaina. Amma ina kallon idanunsu, kuma na san idon. Shi ne dai wanda yake leƙe ta bayan labule. A da tsoron buɗewa suke ji, yanzu tsoron a ce su ne na ƙarshen buɗewa. Ban karanta littattafan Tavi ba, amma shekara goma ina wanke kwano yana magana a bayana, dole wani abu ya shiga kunne. Na ji haushinsa ƙwarai. Ya mutu ma bai bar ni in karɓi addu'a cikin kwanciyar hankali kamar kowa ba.

Na je na sami Fada Gherasim yana goge fitilun coci.

"Fada, in mutum ya faɗi kalmar don yana jin tsoro, ruwan yana isa?"

"Kalma kalma ce, Veta. Allah ba ɗan sandan ciki ba ne da zai tsaya bincike."

"Amma ya fi su sani."

"Je ki huta, ke dai. Dubi kafaɗarki. Duk ƙauyen nan ba mamacin da aka taɓa karɓa wa ruwa kamar Farfesa. Ni kaina zan yi masa babbar addu'a ranar arba'in, bishop ma ya ce zai turo wakili."

"Wannan karon ba madara a kan wuta?"

Bai gane ba, ni kuma ban yi bayani ba.

Ranar arba'in ɗin za a taru da hantsi a bakin rafi, a kunna kyandir a saki a kan ruwa, in rantse a gaban shaidu cewa na kai kuma an karɓa. An dafa alkama da zuma, an yanka alade, motoci sun zo daga birni. Ni kuwa na san ba zan iya ɗaga hannu in rantse ba. Da gari ya waye na ɗebo bokiti ɗaya, ban ɗauki sanda ba don kafaɗar ta ƙi, na riƙe shi a hannu na gangara ta bayan lambuna don kada a gan ni a raka ni.

Duk ƙauyen, ƙofar Ilarie ce kaɗai ba ta buɗe ba. Ba ta buɗe lokacin motar ba, ba ta buɗe bayan motar ba. Sakataren ya je da kansa ya ce masa abin kunya ne, Ilarie ya kore shi da cebur.

Na same shi a tsakar gida yana faskare. Ya tsufa fiye da yadda na zata, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya ɗago ya gan ni ta saman shinge, ya dubi bokitin, ya ci gaba da saran icce.

"Nea Ilarie."

"Kin ɓata hanya, Veta. Masu hoto suna can sama."

"Wajenka na zo."

"Ruwa kika kawo mini? Ni?" Ya kafa gatarin a kututture. "Ruwa ya ci mini 'ya, ki rasa abin kawo mini sai ruwa?"

"Na sani."

"Ba ki san komai ba. Kowa yana cewa gwarzo, gwarzo. Za a sa wa titi sunansa. Ita ko gicciye ba ta da shi a maƙabarta. Mata suna ce mini yanzu an sami 'yanci, in sa a ɗebo mata ruwa. Sabina ba ta buƙata. Ta sha ya ishe ta."

Na ajiye bokitin a kan ƙanƙara.

"Ban zo in ce ya yi daidai ba," na ce. "Ni ma ya gama da ni, ka san haka. Amma ƙanena ne, kuma yana jin ƙishirwa. Duk waɗanda suka karɓa tsoro ne ya karɓa. Kai kaɗai ne in ka ce e, kai ka faɗa, in ka ce a'a, kai ka faɗa. In a'a ce, faɗa mini in tafi. Na gaji, Ilarie."

Daga can sama ana jiyo masu waƙar coci suna gwada murya. Sai ya tako a hankali, ya zare sakata.

"Ta tambaye shi abu ɗaya," in ji shi. "Ta dawo gida ta faɗa mini. Ta ce, Baba, na tambaye shi me zai same ni, bai ba ni amsa ba. Shi ya sani, ya zauna a inda za su kai ta, ya bar haƙoransa a can. Ya sani, ya mayar mata da tambaya."

Haka ne, ina wurin aka yi.

Ya sunkuya ya ɗauki bokitin, ya kai shi bakin randar da ke gindin baranda, ya fasa ƙanƙarar samanta da gwiwar hannu, ya juye ruwan duka. Ya dawo ya miƙo mini bokitin.

"Ban yafe masa ba, kada ki je ki ce na yafe. Ya sha, ya jiƙa maƙoshinsa da kyau. Tana can tana jiransa da tambayarta, ba na so ya ce mata muryarsa ta dushe." Ya cire hularsa, bai dube ni ba. "Bogdaproste."

Ya mayar da sakata.

Na taka kaɗan, sai na zauna a kan tudun ƙanƙara a jikin shingensa da bokiti a cinya. Ruwan ya isa, wannan karon na tabbata. A nan na yi wa Tavi kukan da ban yi ranar binne shi ba, don na san shi tun yana cikin zani, kuma na san ba shi da amsar da zai ba ta.